Tukur Zai Ajiye Igiyar Shanu

Malam Ɗan'azumi,

Don Allah ka taimake ni da shawara, na gaji, kuma na rasa ta inda zan ɓullo wa lamarin nan. Ka yi haƙuri da rubutuna, a makarantar manya na koya.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gecheme. Bayan samun 'yancin kai malamin gona ya zo ya ce mu haɗa ƙarfi, sai mu magidanta goma sha wani abu muka sayi shanun noma biyu, ja da fari, da garma da amalanke. Ranar da muka kafa ƙungiyar muka yi alkawari babu shugaba a cikinmu, kowa bakinsa ɗaya, ba a yanke magana sai kowa ya yarda. A lokacin abin ya yi mana daɗi, don ba mu manta da zamanin aikin tilas ba.

Dukkanmu Arawa ne sai mutum ɗaya, Tukur, Bafulatanin da ya zauna a bayan gari tun da ciwo ya cinye masa garke. Shi ke kula da shanun. To ka san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Ba'are ba ya ganin Bafulatani ya wuce bai kira shi bawansa ba, shi ma ya rama, kuma ba a fushi. Wannan wasan ne ya zame mana ciwo.

Tunda shanun na kowa ne, kowa zuwa yake ya kwance. Wannan zai ɗebo tubali, wancan zai kai hatsi kasuwa, wani har Tibiri ya je da su ɗauko kayan amaryar ɗansa. Duk ranin nan ba su huta ba. Jan san, karkiya ta saɓule masa wuya, ƙuda na bi, in ya kwanta da ƙyar yake tashi. Tukur ya kawo maganar a taronmu na gindin gawo. Bai rufe baki ba Yaro, wanda ya fi mu baki duka, ya ce ga bawa yana kukan ɗan'uwansa, in tausayi yake ji a ɗaura masa karkiyar. Aka fashe da dariya. Tukur ma ya yi dariya, don in ya ɓata rai laifinsa za a gani. Ya sake kawowa a wani taron, aka sake yin haka. Abin haushin, babu mugu a cikinsu, son shi suke yi. Kunnensu ne bai saba jin maganar da ba wasa ba daga bakinsa.

Shekaranjiya Tukur ya same ni a gona ina sassabe, ya ce da an yi ruwan shuka zai ajiye igiya ya koma wurin kawunsa wajen Sukukutane, ba zai tsaya sa ya mutu a hannunsa ba. Ko sau ɗaya bai tsokane ni ba, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. In ya tafi, shanun sun tafi, ƙungiyar ma haka.

Za ka ce in yi magana. Bara da na ce a riƙa zuwa taro da wuri, Kumandan aka sa mini, wato Baturen mulki na da, har yara sun ɗauka. Matata Ladidi ta ce in cire hannuna kawai. Wallahi na gaji da taron da ake tashi ba a yanke komai ba. Wani lokaci nakan ce gara a naɗa shugaba kowa ya huta. Yaya zan yi?

Gajiyayye, ƙasar Gecheme

*

Ɗan'uwa Gajiyayye,

Sannu da ƙoƙari. Rubutunka ya karantu sarai, gajiyarka ma ta karantu.

Kada ka tsani wasan nan. Shi ya sa Bafulatanin da ba shi da dangi a garinku ya zauna tabarma ɗaya da ku ba a tambaye shi asali ba. Su Yaro ba da gangan suke yi ba, ni ma na yarda. Amma kun ce kowa bakinsa ɗaya, alhali akwai mutum ɗaya da duk abin da ya faɗa dariya ke cinyewa. Wannan ba shi da baki a ƙungiyarku, sai dai wurin zama.

Naɗa shugaba ba zai gyara ba, don shi ma Ba'are ne, da shi za a yi dariyar. Abin da kuka rasa rabon aiki ne. Ku yarda gaba ɗaya cewa ba a kwance sa sai Tukur ya ce yana da ƙarfin fita. Wannan ba sarauta ba ce. Mai ajiye iri ma ai ba ya barin kowa ya zura hannu a rumbu, kuma ba wanda ya kira shi sarki. Ku kuma yarda cewa in an zauna taro an ajiye wasa sai an shafa fatiha, bayan nan kowa ya ci bawansa yadda yake so.

Kada ka fara da gindin gawo. Bi su gida gida, ka soma da Yaro, don mai baki in ka same shi shi kaɗai yakan fi kowa sauƙi. Ranar taro kuma ku zauna a bakin turke, inda kowa zai ga wuyan san nan da idonsa. Kuma kai za ka kawo maganar, ba Tukur ba. Tsakaninka da su babu irin wannan wasan, ba su da inda za su ɓuya. Za a kira ka Kumandan, wannan kam babu makawa. Sunan zai yi maka zafi na ɗan lokaci, amma bai kai zafin ka tsaya kana kallon mutumin nan ya naɗe tabarmarsa ba.

Ba zan yi maka alkawarin Tukur zai zauna ba, mai yiwuwa ya riga ya yanke. Amma kafin ka je gidan kowa, je ka nasa. Ka yi sallama, ka zauna, ka tambaye shi jikin san, kada ka haɗa da tsokana ko ɗaya. Zai yi shiru yana jiran inda dariyar za ta ɓullo. Kai ma ka yi shiru, har ya gane ba ta zuwa.

Allah ya ba san lafiya, ya ba ku damina mai albarka.

Ɗan'azumi