Turancin da Nake Koya Don Takwarata

Zuwa ga 'yata, maman takwarata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yi mini afuwa da na ɗora miki karatun takarda a kan gajiyar aikin asibiti, na san ko barci ba ya isar ki. Da a waya zan iya faɗin abin nan da ban dame ki ba, to ni a waya harshena nauyi yake yi. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a hannun da kike jinya da shi. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Babanku ta yi sauƙi har yana takawa zuwa shago, Auta kuma ta fara koyon ɗinki, ta cika mana ɗaki da ƙyallaye.

Maigidanki ya gaya mini cewa idan kun zo dogon hutu, takwarata gidan ƙanwarki za ta sauka, tunda can akwai masu jin Turanci, ni kuma a riƙa kawo mini ita gaisuwa. Ɗana ne, na san ba da wata manufa ya faɗa ba. Ni ma ina tune da ranar da kuka ba ta waya ta yi ta zuba mini labari da Turanci, ni kuwa albarka kawai nake ta sa mata, har ta gaji ta miƙa miki wayar. Amma 'yata, jikar da ake kawowa gaisuwa baƙuwa ce. Ni so nake ta kwana a ɗakina, in yi mata kitso, ta ɓata mini shimfiɗa in yi mata faɗa ta gane faɗan.

Shi ya sa na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a makarantar bayan layinmu. A kan bencin yara muke zama, gwiwa na dukan tebur. An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi. Yanzu Malama tana koya mana yadda kalmomin aiki suke bin juna a maganar yau da kullum: ina son yin kaza, na daina kaza, na fara kaza. Haddar ba ta ba ni wuya ba, wanda ya wanke allo ya saba. Inda muka samu saɓani shi ne da ta ce in tashi in maimaita cewa ina jin daɗin iyo a ruwa, kuma na daina tuƙa mota. Na ce ta yi haƙuri, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba, mota kuwa ban fara ba balle in daina. Ta ce ai misali ne kawai. Na ce na sani, amma bakin da ya saba da misali irin wannan ina jin tsoron abin da zai saba da shi gaba. Mai gyaran waya da ke zama bayana ya ce shi kam a Turanci har jirgin sama gare shi, in ina so ya ara mini. Aji ya yi ta dariya, ni ma na yi.

Malama mai kirki ce. Ta ce to daga yau in riƙa zuwa da nawa zancen, na gaskiya, ita ta gyara mini. Na yi na Babanku da ya daina shan shayi da sukari, na yi na Auta da ta ƙi yarda ta warware ɗinkin da ta karkata, har na kyanwar gidan na yi. Na gidan nan sun ƙare, kuma ba don su na zauna a bencin nan ba. Ki rubuto mini na takwarata: me take son ci, me take tsoro, me ta fara koyo, me ta daina. Da su zan yi karatuna, don ranar da ta zo in tare ta da abin da ya shafe ta.

Jiya aka shiga yadda ake faɗin abin da za a yi nan gaba. Kowa ya tashi ya faɗi nasa. Ni ma na haɗa nawa, Malama ta duba ta ce babu kuskure ko ɗaya: jikata za ta zo ta zauna a wurina. Amma ban tashi na faɗa ba, don ban sani ba tukuna ko gaskiya ne. Na ce ta ɗaga mini ƙafa sai na ji daga gare ki.

Ki gaishe mini da maigidanki, ku yi shawara a tsanake. Ki gaida angona ƙarami, ki ce masa na ji ya yi haƙori bai aiko mini da labari ba. Babanku da Auta suna gaishe ku. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, Malama na jirana.

Taki,
Innarku