Ƙarfen da Ba Ya Shiri da Ruwa

Yaya Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna?

Ina nan lafiya a Jamus, ƙunar hannuna ma ta kusa warkewa. Laifina ne. Na ga gutsuren ƙarfen sodiyam kwance cikin mai a ɗakin gwaji, na ɗauka ƙazanta ce, na kai shi famfo. Ruwa na taɓa shi sai wuta. Malaminmu Dieter ya ce, "Kaka Tasalla, nan ba wurin alwala ba ne!" Aji ya kwashe da dariya.

Maganarka ta fi wannan zafi. Na ji ka gaya wa Inna wai na tsufa ina karatun gishiri, gara in dawo gida. Ranar Alhamis za mu yi jarrabawa. In na ci, kamfanin haƙar gishiri zai ɗauke ni aiki, in na faɗi in koma goge-goge. Ba alfahari ba, na sauke Alƙur'ani kana gantali a tasha. Yadda ake narka gishiri, lantarki ya ware ƙarfen sodiyam daga ciki, ba zai gagare ni ba, in Allah Ya yarda.

Allah Ya yafe mini in na yi maka rashin kunya. Addu'ar Inna nake roƙo. Taka kuwa, riƙe abarka.

Ƙanwarka,
Tasalla