Kwakwar Rahmat

Daren Alhamis, Sha'aban 1436, unguwar Utaiƙa

Yau Rahmat ya yi mini sallama. Ɗan Indunusiyan nan da ke sauke mini kwalayen mangwaro a kasuwar Aziziya zai koma gida gaba ɗaya. Na tambaye shi me zai ci a can, sai ya ciro waya ya nuna mini ƙauyensu: gidajen katako a bakin teku, kwalekwale a kan yashi, ga tsibirai kore shar daga nesa. Ya ɗora yatsa kan wata doguwar bishiyar kwakwa ya ce, "Mudir," wato maigida, "wannan tawa ce. Da aka haife ni babana ya binne cibiyata, ya dasa ta a kai."

Na yi dariya, na ce ai kwakwa ba ta sabunta iƙama, takardar izinin zama. Amma wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ni da na shigo ƙasar Larabawan nan da jaka ɗaya, ba wanda ya ɗaga ni, yau ina da rumfa da ma'aikata, amma komai da sunan kafil yake, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Gidanmu na Kano kuwa tuni aka sayar aka raba gado.

Na ba matata Hajara labari don ta taya ni raina shi. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Baban Sadik, shi dai ya san inuwar da zai tsufa a ƙarƙashinta. Mu fa?"

Dama na sa Rahmat ya turo mini hoton, wai don mu yi dariya. Har yanzu shi nake kallo.