Matar Ƙanina Da Gyaɗa

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, ƙanina na neman kunyata ni a gaban baƙi.

Ni ce babba a gidanmu, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu duk wani taron dangi a falona ake yinsa. Ba yabon kai ba, ba a taɓa tashi an bar mini saura a tukunya ba. Sai ƙanina ya auro wata malamar makaranta, 'yar siririya, mai magana ta hanci. Wai ita jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Gyaɗa fa, Anti, wadda muka tashi muna watsawa a baki kamar ba gobe. Duk zuwan da za ta yi sai ta leƙo kicin tana tambayar da wane mai na soya, da wane ludayi na juya, kamar wata ma'aikaciyar duba tsafta. Ni dai na san iyayi idan na gan shi.

Rannan da muka taru na ce bari in kawo ƙarshen wannan fi'ili. Na barbaɗa garin gyaɗa a miya, ko cokali bai cika ba. Ta tambaya, na ce babu. Niyyata in ta cinye lafiya in faɗa a gaban kowa a yi dariya. Ba ta kai rabin faranti ba leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma kamar fito. Ƙanina ya sungume ta zuwa mota ko takalmi bai tsaya sawa ba. An kwantar da ita, amma ai an sallame ta, ga ta nan garau.

Yanzu ɗana ya gama jami'a, zan yi masa walima. Ƙanina ya aiko cewa za su zo, amma da kular abincinsu. A gidana, a gaban surukaina. Yaya zan yi in hana wannan cin fuska?

Daga Babbar Yaya

Babbar Yaya,

Na karanta wasiƙarki ina neman wurin da kika ce kin yi nadama, ban samu ba. Kin sami wurin yabon miyarki, kin sami na kwaikwayon muryar baiwar Allah.

Na yarda girkin taro wahala ne, kuma ba daɗi a tsaya wa mace a ka a kicin ɗinta. Iyakar gaskiyarki ke nan. Matar nan ta tambaye ki don ta tsira da ranta, kika dube ta kika yi mata ƙarya. Abin da kike kira iyayi ciwo ne da kan toshe maƙogwaro, kuma yana kisa. Da motar ta ƙi tashi a ranar, da ba shafin jarida kike yi wa bayani ba.

Ki je gidansu da ƙafarki, ba saƙon waya ba. Ki faɗa mata da gangan kika yi, ki nemi gafara, kada ki haɗa da “amma”.

Ranar walima ki bar gyaɗa da man gyaɗa gaba ɗaya. Ki wanke tukwane da ludaya da allon yanka sosai, ki duba abin da aka rubuta a jikin duk kayan haɗin da kika saya. Ki tambayi sauran baƙi tun da wuri ko akwai abin da ba sa ci, domin ba mamaki akwai masu yin shiru saboda tsoron bakinki.

Kular abincin kuwa, ki bari su zo da ita. Ki karɓa da hannu biyu, ki kawo wa matar ƙaninki faranti mai tsabta, ki zaunar da ita a tsakiyar mutane. Ƙaninki bai ci fuskarki ba. Mutumin da ya ga matarsa tana neman numfashi a falonki, kuma har yanzu ya yarda ya sake tako shi, ya yi miki karamcin da ba ki cancanta ba tukuna.

Allah ya sanya alheri a karatun yaro, ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ikon sunkuyar da kai.