Ta Uku Daga Hagu

San Jose, 3 ga Yuni

Mama,

Ina gaishe ki da Baba. Yaya zafin garin Yuma, yaya kuma jikin Kaka Herminia? Ni lafiyata lau. An sallami mutum huɗu a ofishinmu, amma babu ni, kada ki damu.

Ranar Asabar na je tsohuwar gonar da Kaka ta yi aiki a cikinta. Kamfanonin kwamfuta sun cinye ta, saura bishiya goma sha tara da rumfar shanya 'ya'yan itace, wadda ta zama gidan tarihi. A bango akwai hoton 1961: mata bakwai suna yanka 'ya'yan itace, an rubuta "ma'aikatan da ba a san sunansu ba". Ta uku daga hagu tana riƙe da wuƙa a hannun hagu. Mama, Kaka ce.

Na faɗa wa Misis Tanabe mai kula da wurin. Ta yi dariya ta ce, "'Yata, kowane mako sai wani ya tsinci kakarsa a hoton nan. Bahaguwa ɗaya ce a duniya?" Amma ta yarda za ta sa sunan idan Kaka ta tabbatar da bakinta kafin 14 ga wata, ranar da za a buga sabon allon bayanin hoton.

Ga hoton na haɗo. Ki nuna mata da safe, lokacin da hankalinta ya fi zama. Don Allah kada ki nuna mata kowa da yatsa. Na san jiya ma ba ta gane muryata a waya ba. Fatana kawai ta gane kanta.

Allah ya ƙara mata sauƙi.

'Yarki,
Marisela