Ajamin Mai Wankin Hula

Kurudu, Abuja
9 ga Maris, 2008

Zuwa ga taubashiyata Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi, ko da yake bakinki ne ya kamata ya huta.

Na taɓa jin wata magana wadda ban yarda da ita ba. Wai ɗana Musaddiq yana gaya wa mutanen Abuja cewa ubansa babban malami ne daga Zariya. Na yi dariya. Ni Labaran, da na yi shekara arba'in ina wankin hula a bakin kasuwa? Yaron nan da kumfar sabulu aka biya masa makaranta, yaya zai manta?

Gidan da ya gina mini a nan ba laifi. Akwai fanka, akwai famfo, babu mai sallama. Tun rasuwar matata Zulai sai in yini ban yi magana da kowa ba, sai ƙadangarun katanga. In na je wurinsa a Gwarinpa, maigadi ya ce, "Baba, oga ta fita." Jikata Yusra kuwa kullum tana lesin.

Shi ya sa na shiga wani aji da ake yi ran Asabar, inda wata Malama Muhibba ke koya wa tsofaffi rubuta tarihin rayuwarsu. Ta ce kowa ya rubuta abin da zai bar wa jikoki wanda ba fili ba, ba gida ba. Tsofaffin daraktoci suka cika takardu da gaskiya da riƙon amana. Ni kuwa hula na rubuta: yadda ake jiƙa ta, a goge da buroshi, a sa sitaci, a ɗora kan gungume ta sha rana. Da yadda nake ɗaura zaren shaida a cikin kowace, har na tashi daga sana'ar ban taɓa ba wani hular wani ba. Shafi goma sha biyu, da ajami, don hannuna bai saba da boko ba. Na aika wa Musaddiq domin Yusra.

Ki gaida mutanen gida.
Naki, Labaran Ɗangoggo

Tudun Wada, Zariya
20 ga Maris

Ɗangoggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa da sauƙi, baki kuma lafiyarsa lau.

Kai dai har ka tsufa ba ka yi wayo ba. Ajami ka aika Gwarinpa? In ka cire ni, wa ya rage da zai karanta wannan tafiyar kazar taka? Yarinyar da ko Hausa sai ta haɗa da Turanci! Ai da ka zaunar da ita ka ba ta da baki, yadda Goggo take ba mu labari muna ɓarar gyaɗa.

Sannan wa ya faɗa maka waccan maganar? Ka kawo suna. Mutane ba sa son ganin ɗan talaka ya yi mota.

Allah ya bar zumunci.
Talatu

Gwarinpa
2 ga Afrilu

Baba,

Barka da hutawa. Na so in zo da kaina, amma mitin ya yi yawa. Direba zai kawo wannan da buhun shinkafa.

Mun samu addu'o'in da ka rubuto, mun gode ƙwarai. Ba mu bari sun taɓa ƙasa ba. Na sa an yi wa shafin farko gilashi, an rataye a falo, sauran kuma suna saman kabad a naɗe cikin farin ƙyalle. Jiya Daraktanmu ya zo, har ya tsaya a gabansa ya shafa. Yusra na gaishe ka.

Ɗanka, Musaddiq

Kurudu
5 ga Afrilu

Talatu,

Bayan gaisuwa, ga takardar ɗan naki na haɗo miki. Ki yi dariyarki, na yafe.

Shafin da Darakta ya shafa, bayanin yadda ake cire maiƙon kai daga bakin hula ne. Allah ya ba shi albarkarsa.

Na yi dariyar ni ma, sai dai ba ta yi nisa ba. Musaddiq ya yi allo, Talatu. Da ya zauna minti biyar zai gane babu addu'a a ciki sai bisimillar farko. Ban sani ba ko bai duba ba ne, ko ya duba. In na yi shiru, ran da na mutu malamin da ba a taɓa yi ba za su yi wa kuka, mai wankin hula kuwa ya tafi ba mai rakiya. In na yi magana, na cire wa ɗana hula a gaban baƙinsa.

Malama Muhibba ta ce in kawo a juya shi zuwa boko. Na ce ta bari tukuna.

Naki, Labaran

Zariya
14 ga Afrilu

Ɗangoggo,

Ban yi dariya ba. Ka tashi ka je. Kuma har yau ba ka ba ni suna ba.

Talatu

Kurudu
26 ga Afrilu

Talatu,

Gaisuwa. Na je ran Juma'a bayan masallaci. A falon aka kama hannuna, aka ja ni gaban gilashin, aka ce, "Dadi ya ce kai babban malam ne. Karanta mini addu'an, zan ce amin."

Na karanta, tun daga jiƙo har shanya. An ce amin sau biyu, sannan aka tsaya, aka ce, "Wannan ai wanki ne!" Na ce wanki ne, aikina ke nan. Sai aka ruga aka ɗauko mini hular maigidan, wai in nuna.

Ina cikin nuna inda ake ɗaura zare na hangi Musaddiq a bakin ƙofa, da makullin mota a hannu. Bai shigo ba, bai kuma fita ba. Har na taho gilashin na nan a rataye, hular kuma tana wurina, Asabar mai zuwa zan mayar.

Kin dame ni da suna. Waɗanda suka fara faɗa mini na manta da su. Ta ƙarshe dai Yusra ce.

Naki, Labaran mai wankin hula