Ƙullin Bahago a Ragar Jirgi

Aikin farko yau: duba raga kafin a ɗora albasa.

Zuwa ga Yayana Sani, assalamu alaikum. Ina gaishe ka a inda Allah ya ajiye ka, tunda gulbi bai mayar mana da kai ba.

Jiragenka biyu da ka haɗa da sanduna suna nan a mashaya, bakin gulbi, a Argungu. Ragar da ka shimfiɗa tsakaninsu, wadda ake zama a kai, ta ruɓe. Jibi Inna za ta ƙetare zuwa sunan jikarta, kuma ta ce ba ta shiga jirgin kowa sai naka.

Na je Birnin Kebbi neman sabuwa. Mai shagon ya baje mini iri biyu. Mai ƙaramin ido tana da daɗin zama, amma tana tare ruwa idan igiyar ruwa ta taso. Mai babban ido kuwa ƙafa na iya zurmawa. Na daɗe ina juya su har ya gaji da ni. Sai na tuna abin da kake cewa: “Ta bar ruwa shi wuce, ta riƙe mutum.” Na auna da yatsuna kamar yadda kake yi, na ɗauki mai babban idon, ban tabbata ba.

Jiya da la'asar na ɗaure ta ni kaɗai, kusurwa bayan kusurwa.

Yaya, da hantsin nan na tarar an sake ɗaure kowane ƙulli. Igiyar ta juya ta hagu. A mashayar nan kaf kai ne bahago. An kuma ƙara zare a gefen da Inna ke zama, idon ya tsuke. Zaren jiƙe yake, sauran ragar a bushe.

Na tambayi masunta, kowa ya ce bai taɓa ba. Na gaya wa Inna. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba, ta ce in bar shi yadda na gan shi.

Na hau na yi tsalle a kai. Ko motsi.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya ƙetarar da Inna lafiya.

Ƙanenka,
Bello

Na gobe:
Toshe ɓular jirgin dama.
Nemo wa Inna tabarma.
Mayar da sauran igiya gida.
Ƙullin: kada in taɓa.